Ƙofofin da Ke Shiru Ranar Juma'a

Ruwan zafin bai huce a kofinta ba Najiba ta soma ƙirga ƙofofi, kamar kullum. Ba na katako ba ne. A ƙaramin kamfanin da take aiki a Panyu, can ƙasar China, kowane ɗan kasuwa yana da kwamfutar haya a cikin babbar na'ura, kowace kwamfuta kuma tana da ƙofarta a manhajar da ke sada ta da duniya. In aka daina amfani da kwamfuta, ya kamata ƙofarta ta rufe. Amma ba ta rufewa. Matattun ƙofofi suka taru dubu huɗu, har manhajar ta fara numfashi da ƙyar.

Ita ta rubuta gyaran: duk ƙofar da ta yi awa ɗaya da rabi shiru, a share ta. Ta cire dare, tunda kowa barci yake, ta bar tara na safe zuwa biyar, lokacin da ba ɗan kasuwar da ke zama shiru. Jiya Alhamis aka ɗora shi, da sunanta a ƙasa.

Sha biyu saura wayarta ta yi ƙara. Alhaji Abdul-Razak ne, mutumin Kumasi, mai tura kaya daga kasuwar Canaan.

"'Yar Kano, abinku ya daina tafiyar kunkuru. Wa kika zane?"

"Shara kawai na yi, Baba."

"To, madalla. Mun rufe, za mu masallaci. Sai uku in dawo in tura takardun kwantena, ƙarfe huɗu masu karɓa suke rufewa."

"Duka kwamfutocin kuka kashe?"

"Duk layinmu. Kin manta yau Juma'a? Ko kin zama 'yar China?"

Ta yi masa dariya, ta ajiye wayar, ta juya ga allo. Shekara uku tana azahar ɗinta a lungun ofis, cikin mutanen da Juma'arsu da Talatarsu ɗaya, har ranar ta sulale daga lissafinta. A allo ƙofofin Canaan suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya, kamar fitilun unguwa. Sittin da biyu, dukkansu rayayyu. Ƙarfe ɗaya da rabi gyaranta zai ɗauke su a matsayin gawa, kuma mayar da su aikin yini guda ne.

Ba ta da ikon tsayar da shi. Ikon yana hannun lawban, wato mai kamfanin, Mista Luo, mutumin da zai sa hannu a sabunta takardar zamanta wata mai zuwa, wanda ya sallami wani ma'aikaci bara kan kuskuren da bai kai wannan ba. In ta yi shiru, mai yiwuwa a ɗora wa tsohuwar matsalar laifin. Ta juya wannan tunani a ranta har minti bakwai. Sai ta hango Alhaji ya dawo da carbi a hannu, yana danna kwamfutar da ba za ta amsa ba.

Ta haɗa kalmomin Sinancin da za ta faɗa, suka watse, ta sake haɗawa. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta fita zuwa ofishin lawban.