Malam Bukar da Faifan Bayan La'asar

Shekara goma sha tara ke nan da muka raka Malam Bukar makwancinsa, amma har yau in la'asar ta yi sanyi sai in ji kamar akwai inda ake jira na, na makara. Mutanen Fagge sun san shi malamin lissafi ne. Ni kuwa aminina ne tun muna samari, kuma abin da ya ƙulla mu abu ne da ba a cika ambatonsa a zaman makoki ba, wato kiɗa.

Iyayensa mutanen Borno ne da suka daɗe a Kano, har Barbarcin ya tsaya a bakin tsofaffi. Muna cikin ganiyar ƙuruciya arzikin man fetur ya sauko wa ƙasar nan. Ni ina akawu a wata ma'aikata, shi yana koyarwa a sakandare. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya rikice. Shataletalen Bata ya cika da sababbin babura, kantunan Titin Ibrahim Taiwo suka cika da firji da fanka, wanda bai taɓa shan ruwan sanyi ba ya fara raina randa. Kowa ya sayi abin da ransa ke so. Bukar ya sayi garmaho mai manyan sifiku biyu, ya ajiye a ɗakinsa na soro.

Faya-fayan kuwa a Sabon Gari yake samo su, a shagon Okechukwu, wanda muke ce wa Oke. Inyamuri ne haifaffen Kano, ya gudu lokacin yaƙin basasa, ya dawo ya tarar da shagon mahaifinsa kango, ya sake ɗaga shi. Mutane na zuwa wurinsa neman kiɗan rawa. Can ƙasan kanta kuma yana da wasu faya-fayai na makaɗan rok na Ingila da ba mai tambayarsu, irin waɗanda waƙa ɗaya kan cinye gefen faifai sukutum, a fara da sarewa, jita ta karɓa, a sauya kiɗa sau da yawa kafin a kai ƙarshe. Bukar ya raɗa wa irin wannan kiɗa suna kiɗan dogon zango. Sunayen faya-fayan ma ba mu damu da su ba, da hoton kwalinsu muke kiransu: Mai Fitila, Mai Kwale-kwale, Ja.

Kullum bayan sallar la'asar mu uku muke haɗuwa a soron. Dokar Bukar guda ce: gefe ɗaya a rana, daga farko har ƙarshe, ba magana, ba ɗaga allura. In an gama sai a buɗe gardama har a kira magariba, mu tashi mu yi alwala, Oke ya hau babur ɗinsa. Oke na ganin Mai Kwale-kwale ya fi kowane faifai, Bukar ya ce burga ce kawai, makaɗan na nuna wa juna gwaninta sun manta da mai sauraro. Shi a wurinsa ba kamar gefe na biyu na Mai Fitila, inda kiɗan ke yin ƙasa har ka ɗauka wuta aka ɗauke, sannan ganga ta dawo a hankali kamar takun mai zuwa daga nesa. Ni da nake son gajerun waƙoƙi, su biyun suka haɗu a kaina suka ce kunnena na kasuwa ne. Matarsa Falmata kan aiko mana da shayi, ta ce wa ɗan aike ya tambaye mu ko yau ma ba a sami wanda ya ci ba.

Ana cikin haka, wata bazara sanƙarau ya kama shi. Mun fitar da rai, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya fito asibiti kunnen hagu ya mutu, na dama kuma yana ji kamar ta cikin bargo. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce shi ma na daman tafiya yake yi.

Na zaci zai rufe garmahon da zane. Ranar da muka je gaishe shi, yana zaune ƙashi da fata, ya nuna wa Oke tarin faya-fayan ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yau za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, tun ina da sauran kunne. Abin da na zuba a kaina ba mai ƙwace shi."

Haka aka yi. Ya matso da tabarmarsa jikin sifika, ya jingina kunnen dama, ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin don ya ji bugun. Gefen da muka saba ji sau ɗaya sai ya ce a maimaita gobe. Muna kallo yana ƙara murɗa ƙarar mako bayan mako, har maƙwabta suka fara ƙorafi, Falmata ta shiga gida gida ta ba da haƙuri, suka bari. Kafin damina ta zagayo, shiru ya rufe shi baki ɗaya.

Falmata ta aiko mana cewa mu ɗan dakata da zuwa, kada mu fama masa ciwo. Muka dakata, a ganinmu tausayi ne. Ba a yi nisa ba sai ga shi ya tako da ƙafa har Sabon Gari, ya same ni a shagon Oke. Muryarsa ta yi ƙarfi fiye da da, don ba ya jin kansa.

"Ni na kurumce ko ku?" ya ce. "La'asar ta wuce, kuna nan kuna hira."

Oke ya ɗauki alli ya rubuta a kan kanta: Malam, me za ka ji?

"Ku za ku ji, ni zan gaya muku inda kuka yi kuskure. Ku tashi mu je."

A makon nan sabon faifan makaɗan Mai Fitila ya iso daga Legas, wanda bai taɓa ji ba, ba kuma zai taɓa ji ba. Muka so ɓoye masa, ya gani a hannun Oke ya karɓe. Ya ɗora hannu a kan sifika ya rufe ido har gefen ya ƙare. Sannan ya ce, "Gaggawa suke yi. Kuma wannan ba hannun mai gangarsu ba ne, wani ne." Oke ya juya kwalin ya karanta sunayen makaɗan. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Sun sauya mai ganga.

Babban yaƙin ba a soro aka yi shi ba. Hukumar makaranta ta ga cewa kurma ba zai iya riƙe aji ba, aka ba shi shawara ya ajiye aiki ko a mayar da shi kula da sito. Yana da mata da 'ya'ya ƙanana, kuma koyarwa ce kaɗai abin da ya iya, kaɗai abin da yake so. Ya yi ta sintiri zuwa ofishin ilimi, yau a ce shugaba ya fita, gobe a ce ya dawo jibi. Na raka shi sau da dama ina yi masa tafinta a takarda. Abu ɗaya yake maimaitawa: a zo a gan shi a aji, in ya gaza shi da kansa zai tafi. Da suka gaji da ganinsa suka turo sufeto. Bukar ya raba wa ɗalibai guntayen takardu, mai tambaya ya rubuta ya ɗaga, shi kuma ya amsa a allo. Ajin ya fi na malamai masu kunne natsuwa. Aka bar shi a aikinsa. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ban taɓa ganin wanda ya sauya rawa da sauri irinsa ba.

Bayan 'yan shekaru shi da kansa ya nemi a mayar da shi inda ake koyar da yara kurame. Ya zauna a gaban yara sa'o'in 'ya'yansa ya koyi maganar hannu, suna yi masa dariya in ya karkace, sannan ya koya musu lissafi har ya yi ritaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kwanaki jikata ta nemo mini Mai Fitila a wayarta, daga kwatancen hoton kwalin kawai, kafin shayina ya huce. Abin da Oke kan jira wata da watanni daga Legas. Na san Bukar zai yi murna da wannan, don bai taɓa zama mai kukan zamani ba. Zai kuma so ya ga na'urorin da ake maƙala wa kurame a kunne yanzu. Abin da ba zai lamunta ba shi ne yadda yatsanta ya tsallake waƙar tun sarewa ba ta gama gaisuwa ba. Ta ce, "Kaka, ai ba su fara ba har yanzu." Na ce mata sun fara, ke ce ba ki zauna ba. Mun zama mutanen da ke yanke hukunci a kan waƙa, da wa'azi, da maganar maƙwabci, tun ba a kai rabi ba. An ce kunne ya girmi kaka, amma sai kunnen da ya iya jira.

Faya-fayan ba su tsira ba. Zafin Kano ya tanƙwara su a cikin akwati, garmahon ya bi 'yan gwangwan. Oke ya tsufa ya koma garinsu, can ya rasu. Falmata na nan a Rijiyar Lemo wurin babban ɗanta. In kayan da mutum ya bari ne ma'auni, Bukar bai bar komai ba.

Sai dai ranar jana'izarsa na ga sahu guda na magidanta da ban sani ba, teloli da kafintoci da malamai, sun tsaya gefe suna yi wa juna ta'aziyya da hannu, ba ka jin komai sai motsin riguna. Ɗalibansa ne. Ɗayansu, Malam Nasiru, yanzu shi ke koyar da lissafi a ajin da Bukar ya bari.

Bana likita ya gaya mini cewa nawa kunnuwan ma sun kama hanya, tsufa ne, ba magani. 'Ya'yana suka ce in zauna in huta, su za su riƙa ɗaga murya. Na gode musu, na sa aka kai ni wurin Malam Nasiru. Yanzu duk Asabar ina zaune a bencin baya tare da yara, da furfurata da yatsuna masu ciwon sanyi, ina koyon yadda ake cewa ina kwana. Suna yi mini dariya, ni ma ina yi. Ban yi niyyar fashi ko sau ɗaya ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Bukar, Ya sa ka ji abin da kunne bai taɓa ji ba.