Gilasan Malama Rahila

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Malama Rahila, amma sai a watan jiya na sauke amanar da ta bar mini.

Tare muka yi koyarwa a wata firamare a nan Kazaure. Ita Kirista ce daga kudancin Kaduna, aikin mijinta ya kawo su. Ni kuwa nan aka haife ni. Tana riƙe da aji ɗaya, ina aji huɗu, gidan da suke haya kuma katanga ɗaya ce ta raba shi da namu. Mace ce mai faɗa, wadda ba ta iya ganin an yar da abu. Ko guntun alli ta gani a ƙasa sai ta duƙa.

Wata damina iska ta yaye kwanon cocinsu, ta farfasa tsofaffin tagogi uku masu gilashi launi-launi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Da aka zo gyara sai aka sa farin gilashi, aka share fasassun za a kai bola. Rahila ta ce ba ta san wannan zance ba. Ta bi ta tsince su da hannunta, ta naɗe kowanne a tsohuwar jarida, ta cika akwatin katako biyu. Na tambaye ta me za ta yi da su, ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna.

Lokacin da ciwo ya ci ƙarfinta mijinta ya riga ya rasu, sai 'yan'uwa suka zo ɗaukarta gida. Ranar tafiya ta sa aka shigo da akwatunan ɗakina. Ta ce, "Malama Binta, ki ajiye mini. In na ji sauƙi zan dawo." Wata huɗu tsakani aka bugo mini waya.

Ajiyar nan ta dame ni fiye da yadda nake nunawa. Wata yayar maigidana ta taɓa ɗaga murfin akwati ɗaya, ta ga guntun da ke da zanen gicciye, ta ce, "Kayan coci a ɗakin da kike salla?" Maigida ya ce, "Yaya, ba ta aka yi ta karɓa. Sai ta ga mai shi." Sau biyu na je har ƙofar cocin na juyo. An canza fasto, mai gadi bai ma san sunan Rahila ba, ni kuma ina tsoron in miƙa su a sake nufar bola da su. Da hawan jini ya fara kwantar da ni, sai tsoron ya zama wani: kada in mutu da kayan mutane, 'ya'yana ba su san na wane ne ba.

Bara sai ga Saratu, 'yar Rahila, da sallama a tsakar gidana. Ashe ta zama ma'aikaciyar jinya, an turo ta Babura. Ko ruwa ban bari ta gama sha ba na jawo akwatunan. Ta warware jarida ɗaya, ta ɗaga gilashin sama, tana juya shi a hasken rana. Can ta ce, "Mama, duk shekarun nan?"

Ita da matan zumuntar cocin suka kai wa Malam Sabo, mai yankan gilashi a kasuwa. Ya goge bakin kowane guntu, ya jera su a firam. Aka fitar da madubai da fitilu da farantan shayi. Suka shirya yin gwanjonsu don a rufa azuzuwa biyu na makarantar cocin, waɗanda yara ke tashi daga cikinsu duk ranar da hadari ya haɗo.

A watan jiya aka yi gwanjon. Na je, karo na farko da na taka harabar wurin. Aka ba ni kujera a rumfa. Mai shela ya ɗaga fitila ta farko, ya kira, ya sake kira, shiru. Na ce a raina shi ke nan, tarkace na yi shekaru ina gadi. Sai wani Bafulatani mai saye da sayar da shanu daga Roni ya ɗaga hannu daga can baya. Wani mai kayan gyaran babur ya ƙara a kai, Bafulatanin ya ƙi sakar masa, wuri ya ɗau dariya. Kafin la'asar babu ko faranti ɗaya a kan tebur.

Na yi ta tunanin abin da Rahila za ta ce da tana nan. Na san za ta yi wa Malam Sabo faɗa don ya rage manyan guntaye, ta ce a kashe lasifikar nan mai cika kunne. Amma ina jin za ta ji daɗi da ta ga gilasan sun shiga gidajen Musulmi da Kirista, kuma aji ne za a rufa da su.

Ina shirin tashi sai Bafulatanin nan ya zo ya durƙusa, fitilar a hannunsa. "Malama, ba ki gane ni ba. Buba ne." Ya ce yana aji ɗaya mahaifinsa ya cire shi ya koma kiwo, Rahila ta hau acaɓa har rugarsu sau uku, sai da tsohon ya gaji da faɗanta ya sake shi. Ni da muke katanga ɗaya ban taɓa jin wannan ba.

"Ko wutar lantarki babu a gidana," in ji shi. "Amma da na ji gilasan Malama Rahila ne, ba zan zauna ba."

Fitilar za ta iya faɗuwa gobe ta fashe, kwanon da za a rufa ma wata rana zai tsufa. Na tambayi Buba iyali. Ya ce 'ya'yansa mata uku duk suna makaranta, babbar ma koyon aikin malanta take yi.