Esin falo ko famfon ƙofar gida

Mai gyaran wuta ya buɗe akwatin fis ɗin gidanmu, ya girgiza kai.

Na riga na sayo ƙarin faifan sola, har na fara hango kaina ƙarƙashin esi. Sai ya ce wayoyin gidan tun na zamanin Turawa ne, kaya ɗaya za su ɗauka: ko esin falo, ko injin rijiyar burtsatse mai ba famfon ƙofar gida ruwa. "Kuka haɗa biyun, gobara ce."

Famfon nan kuwa tun daga unguwar Gama ake zuwa ɗibar ruwa, amma sai ranar da aka kawo wuta.

Na juya wajen mahaifiyata, wadda zafi ke tayar wa da hawan jini. "Hajiya, don ke fa na sayo su. Esin za a haɗa."

Ta harare ni. "Ni ina da mafici. Mai jin ƙishi da me zai yi fifita?"

Haka aka haɗa injin rijiyar. Yanzu ko da wuta ko babu, jarkoki na cika. Ita kuma tana gindin mangwaro da maficinta.

Wallahi ban taɓa shan kayen da ya yi min daɗi irin wannan ba. Ku da wanne za ku haɗa?