Daga Greensboro Zuwa Bahamas a Jirgin Dala Ɗari da Casa'in da Tara

Alhamis: Greensboro zuwa Jacksonville

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba muka kulle ƙofa, ni da mai ɗakina Hajara. 'Yarmu Ummi tun jiya mun kai ta McLeansville gidan Anti Zainabu. A shekarar da galan ɗin mai ya kai dala huɗu ne. Ni motar ɗaga kaya nake tuƙawa a wani sito, ita kuma kitso take yi a shago. Shekararmu goma sha shida da aure, ban taɓa kai ta ko'ina ba sai suna da ta'aziyya. Rannan ta ce mini, "Baban Ummi, duk faɗin Amurkar nan ban san komai ba sai kan mutane." Maganar ta tsaya mini a rai.

Ana cikin haka na ga talla a jarida: kwana huɗu a jirgin ruwa zuwa tsibiran Bahamas, ci da kwana, dala ɗari da casa'in da tara kowane mutum. Da na buga waya zan biya, matar da ta ɗauka ta fara karanto mini haraji, da kuɗin tashar ruwa, da ƙarin kuɗin mai. Kafin ta numfasa, ɗari uku da casa'in da takwas ta zama ɗari biyar da sittin da takwas. Na biya, na yi shiru. Hajara dai tsohon farashi ta sani.

Mun yi sallar asuba a gefen wani gidan mai kafin Charlotte, muka karya da shayin filas da burodi da dambun nama. Tafiyar mil ɗari huɗu da hamsin ce da 'yan kai. Sha biyu da minti ashirin muka iso tashar jirgin a Jacksonville, jihar Florida. Mai gadin filin ajiye motoci ya leƙo ta taga.

"Dala goma sha biyar."

Na ce madalla, na miƙa.

"Kowace rana," in ji shi.

"Bawan Allah, motar ba inda za ta je fa. Zama kawai za ta yi."

"Zaman kake biya."

A wurin bincike muka nuna fasfo da katin izinin zama, aka tura jakunkuna cikin na'ura. Suka ƙwace dutsen guga, wai sai mun dawo. Sannan jami'in ya ɗago butarmu ta alwala, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya tambaya ko ta shayi ce. Hajara ta taɓo ni ta ce, "Ka gaya masa a'a tun kafin ya gwada."

Daga nan wata budurwa mai fara'a ta karɓi katin bankina, ta ba mu katin jirgi kowa ɗaya. Ta ce shi ne makullin ɗaki, kuma a cikin jirgi ba a taɓa kuɗi, katin kawai ake nunawa. Na dubi Hajara na ce, "Kin ji ko? Ba a taɓa kuɗi." Allah Ya yafe mini wannan murnar.

Jirgin kansa unguwa ce guda da aka ɗora a kan ruwa, hawa goma sha wani abu. Ɗakinmu yana can ƙasa, ba taga. Idan na miƙa hannuwa biyu, saura kaɗan in taɓa bango da bango. Muna tsaye muna neman inda za a shimfiɗa sallaya sai aka ƙwanƙwasa. Mai gyaran ɗaki ne, siriri, da furfura a gefen kai. Yana ganin sallaya ya yi mana sallama cikakkiya. Sunansa Rahmat, mutumin Indonesiya. Ya kunna talabijin, ya nuna mini tashar da ke nuna inda jirgi ya fuskanta, ya lissafa mini alƙibla: tsakanin ƙofar bayi da kabad.

"Amma ka yi da wuri, ɗan'uwa," in ji shi. "In mun fita teku, kyaftin zai juya."

Juma'a: a tsakiyar ruwa

Gaskiya ɗaya zan faɗa, abinci kyauta ne, kuma ba ya ƙarewa. Matsalar ita ce alade. Yana cikin wake, yana cikin miya, yana ɓoye a ƙarƙashin ganye. Duk tiren da muka nuna sai mai zubawa ya girgiza kai. Muka tsaya a kan kifi da farar shinkafa, Hajara ta ciro yajinta daga jaka. Na nemi lemon kwalba biyu, yaron da ke miƙawa ya ce in kawo kati. Ashe ci ne kyauta, sha kuwa ruwan famfo da shayi kawai. Har wani kaso goma sha biyar cikin ɗari suke ɗorawa, ladan miƙo kwalba. Ruwan gora biyu da muka tarar a ɗaki muka shanye muna sa musu albarka, daga baya na ga 'yar takarda a wuyan kowace: dala huɗu.

Wajen sha ɗaya teku ta fara rawa. Hajara ta kama bango, sannan duk abin da ta ci ya dawo, rabi a bayi rabi a kan kafet. Na kai ta asibitin jirgi. Likitan ya duba ta minti uku, ya ba ta ƙwaya, ya ce in kawo kati: dala casa'in. Da muka koma ɗaki, Rahmat ya riga ya goge komai, ya canja zanen gado, ya ajiye ɗanyen tuffa da busasshen biskit da ruwan citta. Ya ce da su ma'aikata ke maganin jiri. Ban san ko ƙwayar ce ko cittar ba, amma kafin la'asar ta miƙe.

Ranar ce ta cin abincin alfarma, kowa sai ya sa kayan ado. Ƙarfe shida muka hau lif, ni da babbar riga ta shadda da hula, ita da leshi da ɗaurin kai. Muna fitowa wata tsohuwa ta tafa hannu ta tambaye ni ƙarfe nawa za mu fara wasan. Kafin in ba ta amsa mutane sun yi layi suna ɗaukar hoto da mu. Na ƙirga goma sha ɗaya, ba wanda ya ba ni ko sisi. Mai hoton jirgi shi ma ya ɗauka. Washegari muka ga fuskokinmu a jikin bango, hoto biyu, dala ashirin kowane. Hajara ta ce ba za ta bar hotonta a bango maza suna kallo ba. Na sayi biyun.

Asabar: Nassau

Ƙarfe takwas na safe jirgi ya tsaya, aka ce duk wanda bai dawo ba kafin huɗu da rabi ya nemi hanyar gida da kansa. Yawon da jirgi ya shirya dala sittin ne kowane mutum, saboda haka na ce mu nemi tasi. Direban, wani ƙato mai hular kaba, ya ce arba'in zai zagaya da mu gari. Na taya ashirin irin ta Kantin Kwari. Ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce, "Ɗan'uwana na Afirka, ina ƙaunarka. Arba'in." Ya nuna mana tsohuwar ganuwa, da wani dogon matakali da aka sassaƙa a dutse, da shagon ƙanwarsa, inda muka fi daɗewa.

A bakin tasha Hajara ta ja ta tsaya. Mata ne zaune a inuwa suna yi wa Turawa kitso, dala biyu kowane layi, su saƙala duwatsun ado a ƙarshe. Ta kalli hannun wata na minti guda, ta ce, "Wannan tsagar ko Ummi ba za ta yi ta ba. Layi goma, dala ashirin, minti goma sha biyar! Baban Ummi, ka tafi da jirginka, ni a nan zan zauna." Da ƙyar na janye ta.

Da yamma Hajara ta matsa sai mun ji muryar 'yarmu. Wayar ɗaki dala takwas ce minti ɗaya. Muka yi minti shida: huɗu Anti Zainabu tana gaisuwa tana tambayar gajiya, biyu kuma Ummi tana amsa kowace tambaya da kalmar Turanci guda.

Lahadi: layin ƙorafi

Bayan azahar na ce bari in je in ga abin da katin nan ya ci. Layi na tarar, mutum ya fi talatin, kowa da takarda a hannu da fuska a murtuke. Da aka buga mini tawa sai da na nemi kujera. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wani layi a ƙasa: tukuicin ma'aikata, dala goma kowane mutum kowace rana, jimla tamanin. Wani Bature da ke kusa da ni, wai shi ma daga wajenmu yake, yana kiwon dawaki a Summerfield, ya raɗa mini cewa ana iya cirewa, sa hannu kawai ake yi. Na koma layi, na sa hannu, aka cire. Na taho ina jin yau dai na rama.

A ɗaki na tarar da Rahmat yana ninke tawul, Hajara na yi masa tambayoyi da guntun Turancinta. Ya ciro hoton wata yarinya mai hijabi, sa'ar Ummi. Wata takwas rabonsa da ita. Hajara ta tambaye shi ko aikin na biya. Ya yi murmushi ya ce albashin kamfani ba ya kai ko'ina, abin da fasinjoji ke bayarwa shi ne abincin gidansa da kuɗin makarantar yarinyar.

Takardar da ke aljihuna ta yi mini nauyi. Yana fita na faɗa mata komai: tukuicin da na cire, da ainihin kuɗin tikiti, da abin da katin ya ci.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ɓoye mini farashi da ka yi, wannan za mu yi maganarsa a gida. Amma ka biya mota don ta zauna, ka biya hotonka da rigarka, sai mutumin da ya durƙusa ya goge amaina ne ka ga damar yi wa arha? Ka san yadda nake dawowa gida ranar da na yi awa bakwai ina yi wa mace kitso ta tashi tana neman ragi."

Na ɗauki hulata. Layin ya ƙaru. Minti arba'in na yi kafin in isa gaban matar da ta cire mini. Ta ce, "Me kuma za a cire?" Na ce mayarwa za a yi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta kira wata ta nuna mata yadda ake yi, don ita ba ta taɓa yi ba.

Da na dawo Hajara ta ce in kai ta sama. Muka hau har rufin jirgi, muka samu kujeru biyu nesa da masu kiɗa. Ruwa ta ko'ina, ba gari ba tsuntsu, rana na gangarawa cikinsa. Ta shiga tasbihi, ina jinsa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina ta waige-waige ko wani zai zo ya ce in kawo kati. Ba wanda ya zo.

Litinin: komawa gida

Shida da rabi na safe aka tara duk wanda ba ɗan ƙasa ba a wani zaure, jami'an shige da fice suka duba takardunmu ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu fita Hajara ta ba Rahmat sauran dambun nama da yaji, ta ƙara masa da wani abu a ambulan da ban tambayi nawa ba ne. Goma da minti arba'in muka taka ƙasa, muka karɓi dutsen gugarmu, muka tarar da motar ta zauna lafiya.

A hanya na haɗa lissafi har da mai: dala dubu ɗaya da ɗari da 'yan kai. Muna shiga South Carolina na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta yi da-na-sanin tafiyar.

"Ni? Kwana huɗu namiji yana gyara mini gado, yana kawo mini abin sha ina kwance. Ashe hannunku na iyawa. Gobe kai za ka fara."

Bakwai saura kwata muka ɗauki Ummi, bakwai da minti goma muka buɗe ƙofarmu. Da na tsaya sallar magariba ƙasa na ta lilo da ni kamar har yanzu ina cikin jirgi, sai da na dafa bango a raka'a ta biyu.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Anti Zainabu da ta riƙe mana yarinya, da Rahmat, duk tekun da yake a yau, Allah Ya haɗa shi da 'yarsa cikin alheri. Masu niyyar irin wannan tafiya kuma, ku ninka kuɗin talla sau uku kafin ku yi wa iyali alkawari. Gadon dai har yau ni ke gyarawa, kuma ba a taɓa ba ni tukuici ba.