Taɓaryar Iya

Turmin maƙwabciyarmu ne ya fara yin shiru.

Hantsi ne, ƙarshen damina, muna surfen sabuwar masara a tsakar gida ni da Iya, kakata ta wajen uba. Ita tana zaune bakin rumbu da faifai tana bakace, ni ina tsaye kan turmi. Ta bayan katanga maƙwabciyarmu ma tana nata dakan, in na sauke ta ɗaga, in ta sauke na ɗaga, haka muke yi kullum ba tare da mun ga juna ba. Sai na sauke taɓarya na jira tata, ba ta zo ba. Na ƙara saukewa. Shiru. Kajin da ke tsince-tsince a gindin turmi suka ɗaga kai gaba ɗaya. Sannan na ji shi, can daga yamma ta wajen daji, wani gurnani siriri kamar na zuma a kogon itace.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Yankara, kuma babu ɗan garin da ke shigowa da babur a kunne. Duk wanda ya kawo gindin tsamiyar bakin hanya sai ya kashe, ya turo shi har ƙofar gida. Tun da 'yan bindiga suka fara shigowa ƙauyukan yankinmu ake haka. Saboda haka in aka ji babura da yawa a kunne, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ranar kuma kasuwa ke ci, maza sun tafi tun da sassafe, har da Baba.

Iya ko faifan ba ta ajiye ba. Ta ce, "Tahi, ɗiyar nan. Gonar dawa. Kada ki waiwaya."

Na ce ita fa? Ta ce ƙafafunta sun gama nasu gudun tun da daɗewa, za ta shiga ɗaki ta ja ƙyaure.

Na bi ta kafar da muka huda a dangar bayan gida don irin wannan rana. Na ga mata suna ɓullowa ta nasu kafofin, wata da goyo, wata da kumfar sabulu a hannu, ba mai magana. Su suka faɗa gonakin da ke kusa. Ni ƙafata ta ƙi tsayawa. Na tsallake rafi, na wuce fadamar rake, sai da na kai gonar dawar Baba ta can ƙarshe, na kutsa tsakiya na kwanta a cikin kunya. Wani abu da ban lura da shi ba a lokacin shi ne taɓaryar tana hannuna. Na riƙo ta ta kai ɗaya, ɗaya kan yana jan ƙasa tun daga gida. Da na kwanta sai na rungume ta a ƙirji kamar yadda ake rungume matashin kai. Hannuna ya san da ita, kaina bai sani ba.

Ba taɓarya ba ce kamar sauran. Ta kirya ce, baƙa, mai nauyi, ita da turminta Iya ta zo da su daga wajen Damari ranar da aka kawo ta, sun girmi Baba. In aka sauke ta, ƙararta ba a kunne take tsayawa ba, a ciki ake jin ta, har ƙetaren rafi. Shi ya sa matan gari suka mai da ita alama. A wani ƙauye kusa da mu an taɓa kama wani dattijo aka sa shi ya zagaya bakin gonaki yana kiran mutane su fito, wai an tafi, kuma suka fito. Tun daga nan aka daina yarda da murya. Waya kuwa sai an hau tudun makaranta take samun sabis. Aka yi shawara cewa in hankali ya kwanta, Iya za ta buga turminta babu komai a ciki, sau uku ta tsaya, sau uku ta tsaya. Baba da kansa ya zaunar da ni ya ce ko muryarsa na ji tana kiran sunana, kada in motsa sai na ji turmi.

Na ji harbi sau biyu, nesa. Gurnanin ya kumbura ya cika duniya, sannan ya yi ta sirancewa har na kasa gane ko shi nake ji ko jinin kunnena.

Daga nan lokaci ya daina tafiya yadda na san shi. Dawar ta fi mutum tsawo, ta fid da kai, zangarniya ta fara ja. In na kalli sama sai in ga sararin an yanka shi siri-siri tsakanin ganye, shuɗi da kore, shuɗi da kore, yana lilo. Wata tururuwa ta hau yatsana ta sauka ta ɗaya gefen, na bi ta da ido kamar wata matafiya da na sani. Ƙasa tana da sanyi da ƙanshin ruwan shekaranjiya. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, in fara wannan in ƙare da waccan.

Abin da nake tsoro na san shi sarai. Ba mutuwa ce a gaba ba. A ɗora ni a bayan babur tsakanin mutum biyu a shiga da ni daji, Baba ya sayar da wannan gonar da nake kwance a ciki, in dawo ko kada in dawo. Don kada in ga wannan hoton sai na shiga zagaya garinmu a zuci, gida gida, kamar yadda malaminmu na sakandare ya taɓa sa mu zana taswirar unguwa mu rubuta masu zama a ciki.

Na fara daga tsamiya. Gidan mai injin niƙa: ya kwance injinsa ya koma Ƙanƙara, shi ya sa muka koma turmi kamar zamanin Iya. Gidan tela, an toshe ƙofar da ƙaya. Gidan mutanen nan da kakanninsu ba su yi salla ba, 'ya'yan suka shiga coci, matar gidan ita ta koya mani saƙar hula, ranar da za su tashi na ga turminta a kife can saman kaya a bayan mota, yana kallon sama. Gidan da baƙi suka shiga, mutanen wani ƙauyen da ya watse gaba ɗaya, ba mu san sunayensu duka ba tukuna amma muna ba su wuta. Gidanmu: Inna da ƙannena suna Funtuwa wajen yayarta tun bara, ni na zauna saboda Iya ta ce ba za a binne ta a garin haya ba. Samarin da muka yi aji ɗaya, wannan yana acaɓa a Abuja, wancan yana dako a Kano, wani ya bi masu haƙar zinariya ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Garin ya zama na tsofaffi da mata da 'yan ƙanana, da maza kaɗan masu taurin rai irin Baba.

Ina jin barci ya ɗan ɗauke ni, ko wani abu mai kama da barci. Na ga gonakin nesa, waɗanda aka bar wa ciyawa shekara da shekaru saboda ba mai iya zuwa, sun koma fari fat da auduga kamar yadda Baba ke ba da labarin Daudawa a ƙuruciyarsa, manyan motoci a jere, mata suna tsinka suna waƙa. Na ga mutanen da suka tashi suna dawowa, suna tafiya a kan zangarniyar dawa ba ta lanƙwasa, kowace mace da turmi a ka. Shanun huɗar da aka kore mana suna biye da su, sun yi ƙiba. Na so in yi masu sannu da zuwa, sai na tuna an hana magana.

Ƙarar daka ce ta dawo da ni. Uku, shiru. Uku, shiru.

Har na ɗaga kai. Har na dafa ƙasa zan tashi. Sai na ƙara saurarawa. Lissafin daidai ne, turmin ma namu ne, amma bugun ba shi ba ne. Wani sauti ne marar nauyi, kwas, kwas, kwas, a kunne kawai yake tsayawa. Ni ce nake daka da taɓaryar Iya safe da yamma, na san muryarta fiye da tawa. Wannan wata ce daban.

Sai tunani ya shiga ɗinka kansa da kansa, kuma kowane ɗinki ya zauna daidai. 'Yan bindigar sun kama Iya. Wani ya faɗa masu alamar. Sun sa ta buga, ita kuma da wayonta ta ɗauki wata taɓaryar don mai kunne ya gane kada ya fito. Na ji tausayin matan da ke gonakin kusa, waɗanda za su ji uku da shiru su tashi. Na ƙara ƙanƙame abin da ke ƙirjina, na tura fuska cikin ƙasa. Ban tambayi kaina mene ne nake ƙanƙamewa ba. Har yau in na tuna wannan wurin sai in rasa yadda zan yi wa kaina bayani.

An daɗe ana bugawa, aka bari, aka sake. Rana ta hau tsakiya, inuwar ganye ta tattare. Ban ji kiran azahar ba, iska ba ta kawo shi ba, na ce to ga shi, ladan ma ba ya nan. Ƙishirwa ta sa na tsinki ganyen dawa ina tsotsa.

Can sai muryar Baba. Yana kiran sunana daga wajen rafi, da wasu muryoyin maza a bayansa. Ya kira sunan yanka, ya kira wanda yake kirana da shi tun ina ƙarama. Muryar tana rawa. Na ce a raina dole ta yi rawa, da bindiga a bayansa. Ya matso har ina jin karan dawa yana karyewa, ya ce in don Allah ina ji in amsa. Na cusa bakin hijabina a baki na cije. Shi ya ce kada in motsa. Na yi masa biyayya ina kuka, har muryar ta juya ta yi gabas ta ɓace.

Bayan wannan ban ƙara ganin auduga ba. Sai sararin nan yankakke, da wani tsuntsu da ya sauka a kan zangarniya ya ci ya ƙoshi bai san da ni ba.

Inuwa ta miƙe, hasken ya koma ruwan zuma, wajen la'asar ke nan. Sai na ji wata tafiya da ba ta sauri: taki, taki, sanda. Da mita. Wani yana tafe yana faɗa shi kaɗai, ba kira yake ba, ba lallashi ba. Ana cewa masara ta jiƙa tun safe ta yi tsami, kaji sun shanye rabi. Ana cewa an ba mutum aron wata aba wai ita taɓarya, ko barkono ba za ta daka ba, duk ta ɓare masa tafin hannu. Ana cewa maza garin guda suna neman sawun ƙafa a inda garin duka ya taka, ga layi nan ja-gaba tun daga danga har rafi kamar an ja da garma, ba wanda ya duba.

Wanda aka ɗora wa bindiga ba ya faɗa a kan kaji. Wannan ne abu na farko da ya shiga kaina daidai tun safe.

Ganye ya buɗe. Iya ce, zanenta jiƙe har gwiwa, ta tsallako rafin da ta yi shekaru ba ta tsallaka ba, maƙwabciyarmu tana riƙe da damtsenta. Ta tsaya a kaina tana haki. Ta dube ni, ta dubi ƙirjina.

"To, mai boko. Gari duka ya fito tun kahin azahar, ke kina nan kina renon taɓaryata. Da me kike so in buga, da kaina?"

Sai a lokacin na kalli hannuwana. Ga ta nan, baƙa, dusar masara ta bushe a bakinta, yatsuna sun sandare a jikinta har sai da maƙwabciyarmu ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Na so in ce na ji bugun, na san ba ita ba ce, na zaci saƙo take aiko mani. 

Iya ta saki sandar, ta durƙusa da ƙyar a cikin kunyar, ta ɗora tafinta mai kanta a goshina. Na ji inda ya ɓare.

Ta ce, "Wucewa suka yi, ba su tsaya ba. Ba a taɓa kowa ba. Ubanki na can bakin rafi, tsoron abin da zai tarar ya hana shi ƙarasowa. Tashi, ɗiyata, babu kowa a nan sai mu."