Shirun da ke tsakiyar waƙar

A shekarar 2012 ina aiki a ƙasar Larabawa, a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ina gyaran injin sanyi na kwantenoni. Ranar Juma'a ce hutunmu, ita ce kuma ranar sujada. A cocin da muke zuwa akwai ƙungiyar mawaƙa da ta tara kowa da kowa, Indiyawa, 'yan Filifin, da mu 'yan Arewa kaɗan, ni ina cikin masu kaurin murya. Shugabarmu wata tsohuwar Baturiya ce da ta gama koyarwa a makaranta ta ƙi komawa gida. Malama muke ce mata. Ba ta da tsawo, amma in ta ɗaga gira sai ka ji kamar an kama ka da hannu a tukunya.

Ita ta kawo mana waƙar. Ta ce wani Baturen Ingila ne ya rubuta ta bayan yaƙin duniya na farko, saboda matuƙan jirgi da teku ta cinye, waɗanda iyalansu ba su ga gawa ba balle su binne. An rera ta a lokacin, daga nan aka manta da ita. A kabad ɗin wani tsohon coci a garinsu Malama ta tsinci takardun, sun yi ja, ta rantse sai an sake jin waƙar nan kafin ta mutu.

Gaskiya ban so waƙar ba da farko. Ba ganga, ba tafi, tafiyarta kamar ta mai ciwon ƙafa. Mu ba ma karanta waɗannan ɗigon baƙaƙe da Turawa ke rubuta sautin waƙa da su, don haka wata 'yar'uwa daga Kafanchan, ma'aikaciyar otal, ta juya mana ita zuwa do-re-mi yadda muka saba a gida. Da haka muka kama.

Inda muka sha faɗa shi ne tsakiyar waƙar. Akwai wurin da duk muryoyi ke ɗaukewa, a yi tsit na ɗan lokaci, sannan mai kaurin murya ɗaya ya shigo shi kaɗai. Ni aka ba wannan shigar. To mu a cocinmu na gida ba a barin shiru ya zauna. Da an tsaya, wani zai ce amin, wata za ta ɗauko amshi. Haka muka dinga yi mata, ba da gangan ba. Malama ta buga fensir a kan tebur ta ce da Turanci, "Wannan shirun ma rubuta shi aka yi. Ku bar shi!"

'Yar'uwar nan ta raɗa mini, "Yaya, wai shirun ma sai an koya mana? Khalas, shi ke nan, mun shiga uku."

Ana cikin haka mahaifiyata ta rasu. Ina saman kwantena da rana tsaka yayata ta kira ni. Na riga na cinye hutuna na shekarar, kamfani bai sake ni ba, aka binne Mama ina nan ina ɗaure wayoyin inji. A gida na san yadda ake yi: a shimfiɗa tabarmi, mutane su zo su ce ya haƙuri, su zauna tare da kai ko ba a ce komai ba. Ni kuwa abokan ɗaki suka dafa kafaɗata, washegari na saka kayan aiki. Ban yi kuka ba. Har na daina ɗaukar wayar yayata, don ban san me zan ce mata ba. Na ji haushin kamfani, na ji haushin garin, na fi jin haushin kaina da ba ni da yadda zan yi.

Muryata ma ta ƙi. Duk ranar koyo, in aka zo shigata sai in buɗe baki iska kawai ta fito. Na je na ce wa Malama ta ba wani. Ta dube ni ta ce, "Ba zan ba kowa ba. In ka shigo, ka shigo. In ba ka shigo ba, za mu jira." Na fita ina ƙunƙuni, ina cewa tsohuwar nan taurin kanta ya yi yawa.

Ranar da za a rera waƙar, da la'asar, cocin ya cika har bakin ƙofa. Muka fara, muka yi nisa, muka iso wurin. Muryoyi suka ɗauke. Ba wanda ya ce amin. Jama'a cike da ɗaki, kowa zaune, ba tari ba motsi, sai hurin iskar sanyi daga sama. A nan ne na gane abin da Baturen nan ya rubuta. Zaman makoki ya yi wa mutanen da ba su samu yin nasu ba, ga shi kuma an zaunar da ni a tsakiyarsa.

Hawaye suka ɓalle mini. Lokacin shigata ya yi ya wuce. Malama na riƙe da hannunta a sama ba ta sauke ba, idonta a kaina. Ban san tsawon da muka yi a haka ba, amma ya zarce yadda aka rubuta nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya gaji da ni. Da na samu numfashi na ɗaga kai, ta sauke hannun a hankali, na shigo. Muryar a dishe ta fito, amma ta fito, sauran suka biyo ni har ƙarshe.

Ban tsaya gaishe-gaishe ba. Na fita bayan cocin, na tsaya a inuwar katanga, na kira yayata. Ta ɗauka.

"Yaya," na ce, "a ina kuka kwantar da ita?"

"Kusa da Baba," ta ce. "Mun bar wurin ba mu shafe da siminti ba, sai ka zo ka zuba ƙasarka."