Ɗan Waƙafin Da Ya Haɗiye Layi Guda

Shekara biyu da suka wuce, ina aji ɗaya a babbar sakandare nan Lafiya, na shiga kulob ɗin kwamfuta na makarantarmu. Kada ku ɗauka son ilimi ne ya kai ni. Ɗakin kwamfuta ne kaɗai yake da fankar da ke juyawa da gaske. Ta ajinmu kuwa, ita ma kanta fifita take nema.

Malamin kulob ya rubuta wata 'yar manhaja mai share folda: ta tattara hotuna wuri ɗaya, ta goge tarkace. A irin kwamfutocinmu kowace manhaja tana da shafin bayaninta. A baƙin allo za ka rubuta "man" da sunan manhajar, sai bayanin ya fito. Ranar farko na ɗaga hannu na tambaya ko man gyaɗa ake nufi ko na shanu. Tsallen kwaɗo na sha har sai da ƙafafuna suka manta sunana.

Malam ya so a mayar da shafin Hausa saboda Baba, dattijon da ke buga takardun makaranta, wanda dogon Turanci ke sa masa ciwon kai. Sai ya raba mana aiki mu biyu. Ƙawata, 'yar Awe, garin gishiri, da ke zaune wurin gwaggonta a Azuba, ita ce mai fassara. Yarinya ce mai shiru, amma Hausarta a rubuce ko malamin Hausa yana sara mata. Kowace ƙugiya a wurinta, kowane ɗigo a wurinsa. Ni kuwa, da ke rubuta "yan" da "yar" tsirara ba ko waƙafi a kansu, aka ba ni duba tsarin shafi.

Aikin nawa ba wuya. Shafin ana rubuta shi ne layi-layi, kuma duk layin da ya fara da ɗigo umarni ne ga kwamfuta: nan kanu ne, nan a kaurara rubutu, nan sabon sakin layi. Akwai wani umarni da zan buga, kwamfuta ta lissafo mini duk inda tsarin ya karkace, in bi in gyara.

Ƙawata ta yi mako biyu tana fassara. Ina zaune gefenta ina tsokana.

"Hajiya mai gishiri, wannan ƙugiyoyin naki idan sun yi yawa ki ba ni in rataye hijabi."

"Ke dai ki ji da bakinki," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Idan na gama zan ga naki aikin."

A ƙasan shafin akwai wurin sunan masu aiki. Da Malam ya sa nata, sai da ta kira shafin sau uku tana kallo. Ta ce idan ta je gida hutu za ta gaya wa innarta cewa sunanta yana cikin kwamfuta.

Ranar da ta miƙo mini, Alhamis ce, an kusa tashi, kuma mai awarar bakin get ba ta jiran kowa. Na buga umarnin dubawa, ƙorafe-ƙorafe suka zubo. Wani kanu ba a rufe shi ba, na rufe. Wani wuri an bar layi fanko, na cire. Wata kalma ta kaurara ta ja duk maƙwabtanta suka kaurara tare, na raba su. Saura ɗaya. Kwamfuta ta ce wai ba ta san wani umarni mai suna "Yan" ba.

Na bushe da dariya. "Ƙawata zo ki ga, kwamfutar nan ba ta jin Hausa. Ko 'yan ba ta sani ba!"

Tana can tana haɗa jakarta, ta ce, "To ki koya mata."

Ban koya mata ba. Ban ma karanta shafin daga sama zuwa ƙasa ba kamar yadda Malam ya ce a riƙa yi. Na leƙa ofishinsa na ce, "Malam, fes!" na ruga wurin awara.

Ranar Litinin Baba ya shigo ɗakin kwamfuta hularsa a hannu. Ya bi bayanin Hausar tiryan-tiryan, ya saki manhajar a foldarsa, ta tattara hotuna, ta kuma goge masa tambayoyin jarrabawa na aji biyu da ya kwana biyar yana bugawa.

"Malam, takarda ɗin nan bai ce zai share ba," in ji shi. "Da ya ce, ni mahaukaci ne?"

Malam ya kira shafin Turanci, ga gargaɗin nan ɓaro-ɓaro. Ya kira na Hausa, babu shi. Ya juya ga ƙawata.

"Ke, ina layin gargaɗi?"

"Malam, wallahi na rubuta."

"Kin rubuta ya tashi sama? Ga allo nan, nuna mini."

Ta duba, ta sake dubawa, idanunta suka ciko. Sai ya juyo gare ni. "Ke kuma, da kika duba, akwai ƙorafin da ya rage?"

Na ce, "Ko ɗaya, Malam."

Har ga Allah a lokacin ban haɗa abin da wancan "Yan" ɗin ba. Amma na tuna da shi, kuma na haɗiye. Malam ya yi mata faɗa a gaban kowa, ya ce ganganci ne, ya goge sunanta daga ƙasan shafin, ya ce ni in ƙara layin da ta tsallake.

Nan ne wurin da nake jin kunyar faɗa. Na buɗe ainihin rubutun da ta yi, sai ga layin zaune lafiya lau, ko ƙura bai yi ba: "'Yan fayilolin da ba hotuna ba duk za a goge su, a kwashe su tukuna." Ta rubuta. Da ɗan waƙafinsa na sama a farkon layi, yadda Hausa ta ce a yi. Na ja layin na manna shi a wutsiyar na samansa, na kira shafin, sai ga gargaɗi ya bayyana.

Ƙawata tana bayan ɗakin ta kifa kai a tebur. Taku biyar ne tsakaninmu. Na wuce ta, na je na ce, "Malam, na ƙara."

Har ya ce mini Allah ya yi albarka.

Ba ta sake zuwa kulob ba. Baba ya sake buga tambayoyinsa da yatsu biyu, ina jin ƙarar daga taga kamar a kaina yake bugawa. Ni da ba na iya rufe baki ko a cikin salla sai an zungure ni, na yi mako uku ban furta ba. Aka yi hutu ƙawata ta tafi Awe, da aka dawo kuma ba ta dawo ba, gwaggon tata ta tashi daga Lafiya.

Sai a zango na gaba na iya samun Malam. Na mayar da layin yadda yake na nuna masa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dafe kai.

"Ba ɗigo kaɗai ba ne," in ji shi a hankali. "Waƙafin sama ma, idan ya fara layi, umarni take ɗaukarsa. Ta nemi umarnin ta rasa, sai ta jefar da layin gaba ɗaya. Da na buɗe rubutun da kaina ranar nan..."

Ya nuna mini alamomi biyu ƙanana da ake sa wa a gaban waƙafin don kwamfuta ta bar shi ya wuce. Alamomi biyu. Ko daƙiƙa biyar ba su ci ba. Da hannunsa ya mayar da sunanta, ya nemo lambar innarta, aka haɗa shi da ƙawata, ya ba ta haƙuri, sannan ya miƙo mini wayar.

Na zuba surutu, na rantse, na yi kuka har da majina. Ta bar ni na gama.

"Ai ni na san na rubuta," in ji ta. "Abin da ban sani ba, ashe ke ma kin gani."

Ta yafe mini, har ta aiko mini da ƙullin gishiri wai in zuba wa bakina ko zai daina ruɓa. Muna gaisawa a waya yanzu. Amma duk lokacin da na ɗauko maganar kwamfuta sai ta ce mu bar wannan, ta tambaye ni ko mai awara tana nan.

Da ni ce na yi fassarar, da "yan" ɗina tsirara, da layin bai ɓace ba. Ita da ta rubuta daidai ita aka goge. Yanzu ni ke duba shafukan kulob, kuma ba na yi wa ƙorafin kwamfuta dariya sai na gane abin da ke damunta. Sunan ƙawata yana nan a ƙasan shafin, sama da nawa. Sau da yawa nakan kira shi in gani. Ita ce har yau ba ta sake ganinsa ba.